Aljeriya da giyar inabi: ƙasar da ta noma abin da ba ta sha

A wannan fitowa ta Ƙasashe Maƙwabta arewa muka dosa, zuwa Aljeriya. In kana cikin masu bin hanyar Agadas, Arlit, Asamaka har In Gezzam da Tamanrasat, to ka san ƙasar ta fuskar dabino da taliya da madarar gari da mai. Amma daga Tamanrasat zuwa bakin teku akwai tafiyar kusan kilomita 2,000, kuma can ne labarinmu na yau ya faru. Shekaru saba'in da suka wuce, ba mai ba ne babban abin da Aljeriya ke fitarwa waje, ba dabino ba ne. Giyar inabi ce. Kai, a duniya kaf babu ƙasar da ta kai ta fitar da ita.

Kada ka ce mun koma tallan giya. Da mu da kai mun san hukuncinta a Musulunci, mutanen Aljeriya ma sun sani, shi ya sa mafi yawansu ba su taɓa kai ta baki ba. To yaya aka yi ƙasar Musulmi ta zama rumbun giyar duniya? Wa ya ci riba, wa ya rasa gona da makiyaya? Me ya faru ranar da mai saye ya ce ba ya so? A cikin amsar akwai abin da ya shafi garkenka da jarinka.

Kafin zuwan Faransa

Inabi ba baƙo ba ne a arewacin Afirka. Tun zamanin Rumawa ana noma shi a can, ana kuma matsa shi. Da Musulunci ya kafu sai nomansa ya koma na ci: a ci ɗanye, a shanya a yi zabibi. Lokacin da sojojin Faransa suka ci birnin Aljiyas a watan Yuli na 1830, gonakin inabin ƙasar duka ba su wuce hekta 2,000 ba. Alkama da sha'ir ake nomawa, ga zaitun da ɓaure, ga tumaki da awaki da raƙuma.

Makiyayan can suna da tsari irin naka. Da sanyi suna kudu, bakin hamada. In zafi ya shigo ciyawa ta ƙone, sai su hauro arewa, su tarar an girbe alkama, dabbobi su ci karmami su bar wa manomi taki, a yi musayar ulu da man shanu da hatsi. Yawancin ƙasar kuwa ta jama'a ce, ta ƙabila, ba mai takardar da zai sayar da ita shi kaɗai.

Faransa ba ta samu ƙasar a sauƙaƙe ba. Amir Abdulƙadir, wanda aka haifa kusa da garin Maskara, ya yi ta gwabzawa da su daga 1832 har 1847. Ka riƙe sunan garin nan, za mu dawo kansa.

Yadda ƙasa ta sauya hannu

Bindiga ta yi nata, sai takarda ta ƙarasa. A 1863 aka yi dokar shata iyakokin ƙasar kowace ƙabila. A 1871 mutanen Kabiliya suka yi bore ƙarƙashin Muhammad al-Muƙrani, da aka murƙushe su sai aka ci su tara mai nauyi, aka ƙwace dubban ɗaruruwan hekta. A 1873 aka kawo dokar da ake kira da sunan Warnier, wadda ta ce a raba ƙasar gandu, kowa ya riƙe rabonsa da takarda irin ta Faransa. A baki abin kamar gata ne. A aikace kuwa, in mutum ɗaya cikin dangi ya ci bashi ya sayar da rabonsa, mai saye yana iya kai ƙara kotu a yi gwanjon gandun duka, kuma shi ne mai kuɗin saye. Sannan ga dokokin gandun daji da suka hana kiwo a dazuzzukan da kaka da kakanni suka saba shiga, akuya ta ci ganye a ci ka tara.

Da haka, kafin shekarun 1950, Turawan da suka zauna a ƙasar, waɗanda ba su kai miliyan ɗaya ba, suka mallaki sama da hekta miliyan 2 da rabi, kuma mafi kyawun ƙasar, alhali 'yan ƙasa sun haura miliyan 8. Da farko alkama suka fi nomawa, sun gwada auduga da taba. Abin da ya juya su ga inabi wani ɗan ƙwaro ne.

Ƙwaron da ya canza ƙasa biyu

Wajen 1863 wani ƙwaro mai suna filoksera ya ɓulla a kudancin Faransa. Daga Amurka ya zo, a jikin dashen inabi. Ƙanƙane ne, da ƙyar ido ke ganinsa, saiwa yake tsotsa, kurangar ta yi rawaya ta bushe cikin 'yan shekaru. A 1875 Faransa ta yi giya sama da lita biliyan 8. Kafin ƙarshen shekarun 1880 abin ya faɗi ƙasa da lita biliyan 3. Ga Bafaranshe na wancan zamani giya abokiyar cin abinci ce ta kullum, lebura da soja kowa da rabonsa. Kasuwa ta buɗe baki, babu kaya.

Sai ido ya koma ƙetaren teku. A dokar Faransa, tun 1848 arewacin Aljeriya yanki ne na Faransa, kuma sannu a hankali aka ɗauke kuɗin kwastan tsakaninsu. Ka san abin da wannan ke nufi, kai da kake kwana a bakin shinge: kayan Sifen da na Italiya su biya, na Aljeriya su wuce salin-alin. Manoman inabin kudancin Faransa da ƙwaro ya karya suka tattara suka ƙetaro, da su da Sifaniyawa da Italiyawa. Bankuna suka buɗe bakin aljihu, duk mai dasa inabi a ba shi bashi.

Matsala guda ta so ta hana ruwa gudu, wato zafi. Kai makiyayi ka san yadda nono ke saurin tsami da bazara. Haka ruwan inabi yake. In aka matse shi aka zuba a randa, yis ne ke cinye sukarin da ke ciki ya mayar da shi barasa, kuma aikin da kansa yana ta da zafi. In zafin ya yi yawa sai yis ɗin ya mutu aiki bai ƙare ba, abin ya lalace. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 aka samo dabarar sanyaya ruwan ta hanyar bi da shi cikin bututun da ake kwarara wa ruwan sanyi. Daga nan hanya ta buɗe. Ƙwaron ma ya iso Aljeriya a 1885, amma an riga an gano maganinsa: a dasa saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, a aura mata reshen inabin Turai, kamar dai yadda ake auren mangwaro.

Dubi yadda abin ya hau. A 1880 Aljeriya ta yi kimanin lita miliyan 40. A 1900 ta kai wajen lita miliyan 500. A 1934 ta haura lita biliyan 2, daga gonaki kusan hekta 400,000. In kana son ka gane yawan, ɗauki tankar mai mai cin lita 33,000: sai ka jera sama da 60,000 kafin ka kwashe giyar shekara guda. Jiragen ruwa na musamman, masu tanki a ciki kamar na dakon mai, su ne ke jigila daga Oran da Mustaganam da Aljiyas zuwa tashoshin Set da Marsai da Ruwan a Faransa. Kusan rabin kuɗin duk abin da Aljeriya ke fitarwa daga giya yake zuwa.

Irin giyar da ake yi

Mafi yawanta ja ce, ja wur har tana neman yin baƙi, kuma mai ƙarfi. Dalili shi ne rana. Inabin da ya nuna a rana mai zafi sukarinsa ya fi yawa, yawan sukari kuwa shi ne yawan barasa. Launin daga ɓawo yake fitowa: in aka bar ruwan da ɓawon baƙin inabi kwanaki, sai ya yi ja. In sa'o'i kaɗan aka bari aka tace, sai ya fito fatsi-fatsi, shi ne wanda Faransawa ke kira roze. In babu ɓawo ko kuwa farin inabi ne, sai a samu farar giya, wadda ita kaɗan ce a Aljeriya. Akwai kuma wadda suke kira mistel: ruwan inabi ne da ake zuba wa barasa tun kafin ya fara tsami, zaƙinsa ya tsaya, a kai Faransa a haɗa wasu abubuwan sha da shi.

Iri-irin inabin da aka fi dasawa su ne Carignan, mai yawan 'ya'ya da jure fari, da Cinsault, da Grenache, da Alicante Bouschet wanda har tsokarsa ja ce, don rini kawai ake sonsa. Wurin noma ma yana raba su. A kwari, kamar filin Mitija da ke bayan Aljiyas da filayen Ain Temushent da Mustaganam a yamma, yawa ake nema. A kan tuddai, inda dare ke da sanyi kuma kuranga ba ta cika 'ya'ya ba, nan ake samun wadda masu sha ke darajawa. Yammacin ƙasar, wato yankin Oran, shi ke ba da kaso mafi tsoka.

To ga inda dabarar kasuwa take. Bayan an shawo kan ƙwaron, manoman kudancin Faransa sun cika filayensu da wani iri mai suna Aramon, mai 'ya'ya tuli amma giyarsa salam, ba launi ba ƙarfi. Sai dillalai su ɗauko ta Aljeriya su gauraya, launi ya fito, ƙarfi ya hau. Har suna suka sa mata, wai giya likita, don tana warkar da mara lafiya. A kanti kuwa a sayar da ita a matsayin giyar Faransa. Wato Aljeriya ta yi suna a wurin dillalai, amma mai saye na ƙarshe bai san da ita ba. Riƙe wannan ma.

Kura da shan bugu

Su wa ke aikin? 'Yan ƙasa. Gonar inabi ta fi gonar alkama cin hannu nesa ba kusa ba: ga sassabe rassa da sanyi, ga noma, ga feshi, ga tsinka da kaka. Jikokin waɗanda aka ƙwace wa ƙasa su ne suka dawo 'yan ƙwadago a kanta, wasu daga duwatsun Kabiliya, wasu ma daga Maroko suke zuwa cin rani. Aikin na lokaci ne, kuɗin kaɗan, in an gama tsinka kowa ya kama gabansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Makiyayi kuwa asararsa biyu. An ɗauke filin, sannan abin da aka dasa a kai ba ya barin komai. Alkama in an girbe ta bar wa tumaki karmami. Inabi kuranga ce da ke zaune shekara talatin ko fi, ba a yarda ko akuya ta leƙa. Hanyar hawa arewa da zafi ta ƙuntata, garke ya ragu, makiyaya da yawa suka ajiye sanda suka koma bukkokin gefen birni. A lokaci guda jama'a na ƙaruwa, hatsin da kowane mutum ke samu yana raguwa. Tuddan Maskara, ƙasar Amir Abdulƙadir, suka zama sunan giya. Haka Tilimsan, garin Shehu Magili wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Kada ka ɗauka a Faransa kowa murna yake. Da gonakinsu suka farfaɗo sai kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman kudancin Faransa suka yi gagarumar zanga-zanga, dubban ɗaruruwa suka cika birnin Mompeliye, a Narbon har sojoji suka yi harbi aka rasa rayuka. Babban kukansu giyar jabu ce da ake yi da sukari, amma ta Aljeriya ma tana cikin abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. A 1931 gwamnati ta yi dokar taƙaita sabon dashe. Ka ga tun a lokacin mai sayen yana da 'ya'yan cikinsa da ke son a rufe ƙofa. Abin da ya hana shi ne, a takarda, Aljeriya ma Faransa ce.

Ranar da mai saye ya juya baya

Yaƙin neman 'yanci ya fara ranar 1 ga Nuwamba 1954, ya ƙare da samun mulkin kai ranar 5 ga Yuli 1962. Cikin 'yan watanni kusan duk Turawan suka fice. Ma'aikata suka karɓi gonakin suna gudanarwa da kansu, a 1963 gwamnatin Ahmad Ben Bella ta mayar da gonakin Turawa mallakar ƙasa. Sabuwar ƙasa ta wayi gari da gonakin inabi sama da hekta 300,000, da dubban iyalai da ke ci daga gare su, da kayan da mutanenta ba sa sha. Masu shan na cikin gida sun hau jirgi. Mai saye na waje kuwa ɗaya ne tak.

A 1964 aka ƙulla yarjejeniya cewa Faransa za ta ci gaba da saye har shekara biyar, tana ragewa kaɗan-kaɗan. Ba a je ko'ina ba manoman kudancin Faransa suka tayar da ƙayar baya, gwamnatinsu ta ja da baya, a 1967 ta tsuke ƙofar. Giya ta cika rumbuna a Oran, sabuwar kaka ta zo babu inda za a zuba. A 1968 gwamnatin Huwari Bumadiyan ta kafa hukuma guda mai kula da cinikin, ta kuma samu Tarayyar Sobiyet ta yarda za ta riƙa sayen lita miliyan 500 a shekara. Amma wanda ya san kayanka sun yi kwantai ba ya taya su da daraja: farashin ya yi ƙasa ƙwarai da na Faransa. A 1970 kuma kasuwar tarayyar ƙasashen Turai ta hana gauraya giyarsu da ta ƙasashen waje. Aikin giya likita ya ƙare ke nan. Da yake ba a taɓa sayar da ita da sunanta ba, babu mai zuwa kanti ya tambaye ta.

Ranar 24 ga Fabrairu 1971 Bumadiyan ya karɓe mafi yawan hannun jarin kamfanonin man Faransa da ke haƙa a hamada. Rikici ya ɓarke, giya ta zama sandar da Faransa ke ɗaga masa. Shi kuwa sai ya ba da umarni a tumɓuke kurangar. Aka sa taraktoci, dubban hekta suka koma alkama da ciyawar dabbobi da itatuwan marmari. Man da aka gano a Hasi Mas'ud tun 1956 shi ya ba shi ƙarfin halin yin haka.

Sai dai tumɓukewar ma ba ta zo da daɗi ba. Inda ɗari ke aiki a gonar inabi, kaɗan alkama ke bukata, ga injin girbi. Ma'aikata da yawa suka rasa abin yi, suka nufi Oran da Aljiyas, wasu Faransa. A kan tuddai masu ƙarancin ruwa, inda inabi ke jurewa da doguwar saiwarsa, alkama ba ta yi abin kirki ba, ruwan sama kuma ya riƙa zaizaye ƙasa. Filin bai koma hannun makiyayi ba. Abin da aka rusa cikin shekara ɗari bai gyaru da umarni guda ba.

Abin da ya rage yau

Har yanzu ana yin giya a Aljeriya, amma ba ta kai kashi 5 cikin 100 na abin da aka yi a 1934 ba. Tun 1970 gwamnati ta ware yankuna bakwai da aka yarda a rubuta sunansu a kwalba: Tilimsan, duwatsun Tesala, Maskara, Dahara, Zakkar, Mediya, da Ain Besam-Buwira. Mafi yawanta har yau ja ce mai ƙarfi, sai roze da 'yar fara, kuma sunan da aka fi sani a waje shi ne Cuvée du Président. Tashin hankalin shekarun 1990 ya ƙara durƙusar da sana'ar. Manoma da yawa sun koma inda kakanninsu suka tsaya, wato inabin ci, wanda kasuwarsa ke cikin gida.

Me za ka ɗauka ka sa a aljihu?

Na farko, mai saye ɗaya ba kasuwa ba ne, ubangida ne. Ka gani da idonka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ka sake gani bayan Yuli 2023: albasa ta ruɓe a mota, farashin dabba ya faɗi a kara, alhali kayan lafiyarsu lau. In duk bijimanka hanya ɗaya suke bi, wanda ke riƙe da shingen shi ke yanka maka farashi. Nemi hanya ta biyu tun ta farko tana buɗe.

Na biyu, kayan da ba za ka iya ci ko amfani da su a gida ba, yi hattara da zuba duk jarinka a ciki. Mai gero in kasuwa ta ƙi, ya ci abinsa. Mai dabino ya ajiye. Aljeriya ba ta iya shan abin da ta noma ba.

Na uku, kayanka su yi suna da kansu. Albasar Galmi da kilishi ana neman su da sunansu, shi ya sa in wannan dillali ya ƙi, wani zai zo. Wanda kayansa ke ɓacewa cikin buhun wani, ranar da aka daina gaurayawa shi ma ya ɓace.

Na huɗu naka ne, makiyayi. Makiyayan Aljeriya ba a rana ɗaya suka rasa ƙasarsu ba, kuma ba da bindiga kaɗai ba. Da awo da takarda da bashi aka yi, suna can bayan garke ba su halarci zaman ba. A Nijar dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, amma doka ba ta tsare burtalin da ba a shata ba. In ka ji ana awon fili, ko ana zaman shata burtali da mashaya a yankinku, ka je, ko ka tura wanda zai yi magana da yawunka, a rubuta da kai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Nan za mu dasa aya. In ka sauka Tamanrasat ka ga inabi a faranti a kasuwa, ka saya ka ci, halal ne, ka tuna da tarihin da ke bayansa. Allah ya tsare hanya, ya albarkaci garke da jari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.